Tashi daga filin dusar ƙanƙara a arewacin Kanada

Daga Maradi mota ta kai ni Yamai, daga nan jirage suka yi ta miƙa ni har Sioux Lookout a lardin Ontariyo, garin da ƙananan jirage ke tashi zuwa ƙauyukan arewa. Filin ƙauyen da muka sauka na tsakuwa ne, tsawonsa kimanin mita 1,000, ga tulin dusar ƙanƙara da aka ture dama da hagu. Sauka ba ta ba mu wuya ba. Aikin yana wajen tashi washegari.

Wanda ya saba da zafin Afrilu na Maradi ya san iska mai zafi tana rage wa inji ƙarfi. A can sanyi ƙara masa yake yi, kuma nan ne ruɗin yake, don matsalar ba a inji take ba.

Jirginmu Cessna 206 ne, a waje ya kwana. Sai da aka ɗumama injin da hita, domin man inji yana yin kauri, in aka tayar da shi haka ƙarfe ke cin ƙarfe. Sannan aka koma kan fukafukai. Sharewa da tsintsiya ba ta isa ba, matuƙin ya cire safar hannu ya shafa. Siririyar ƙanƙara mai kaushi, wadda ido ke renawa, tana iya rage ƙarfin ɗagawa da kashi 30 cikin 100, ta ƙara jan iska da kashi 40. Ƙanƙarar fiffike ce ta kayar da jirgin Fokker a Dryden, ba nisa da Sioux Lookout, a Maris na 1989, mutum 24 suka rasu. A ganina matuƙin da ya ce iska za ta kakkaɓe ta a guje bai cancanci a hau jirginsa ba. An kuma tsiyayo mai daga ƙasan tanki a duba ruwa, an leƙa bututun auna gudu ko ya toshe.

Dusa mai laushi tana riƙe taya kamar yadda rairayin Gulbin Maradi ke riƙe mota da rani. Shi ya sa matuƙin ya saukar da leɓen fukafukai, wato sashen bayansu da ke ƙara ƙarfin ɗagawa, digiri 20, ya ja sitiyari baya don tayar gaba ta yi sauƙi, bai tsaya a bakin titin jirgi ba. Tun kafin nan ya zaɓi alama a tsakiyar filin: in gudu bai kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba a wurin, a fasa. Da jirgin ya rabu da ƙasa ya bar shi kusa da ita har ya ƙara gudu, sannan ya haura.

Birki kuwa da ƙyar ya taɓa shi. In ya ɗumama yana narkar da dusa, ruwan ya daskare a sama, a sauka da taya a kulle.