Mako na shida: ƙofa ɗaya ta buɗe da kanta

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Aiki ya matsa gaba, amma abin da na gani jiya ya sa na canza tsari.

Ga waɗanda suka shigo daga baya, ina haɗa ƙaramin samfurin na'urar da ke mayar da iskar injin jirgin sama zuwa gaba, domin ta taya birki idan jirgi ya sauka. Wannan rugugin da ake ji a filin jirgi na Durum da ke Bauchi da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa, aikinta ne. Injin ba ya juyawa da baya, hanyar iskar kawai ake tarewa.

Fankar tsohuwar na'urar busar da gashi na samo a kasuwar Wunti, na sa ta cikin bututun roba, na ɗora a katako mai tayoyi. Ƙofofi biyu na yanka daga gwangwanin madara, irin waɗanda ke bayan injin jirgin Boeing 737-200. Da na rufe bayan bututun da su, katakon ya ja baya. Na ji daɗi ƙwarai.

Sai jiya, fanka na kan ƙarfinta, wayar da ta riƙe ƙofar hagu ta zame. Ƙofar ta faɗa cikin iska ita kaɗai. Nan take katakon ya karkace, ya faɗo daga tebur, ɓallin fanka ya wuce ta gefen idona. Abin wasa ke nan fa, na roba da gwangwani.

Haka ya faru da jirgin Lauda Air, Boeing 767, ranar 26 ga Mayu 1991, bayan ya tashi daga Bankok zai je Biyana, babban birnin Ostiriya. Na'urar injin hagu ta buɗe a sama, fiffiken ya kasa ɗaukar jirgin, ya rikito. Mutum 223 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Bayan nan aka ƙara wa na'urar wani makulli. Na daɗe da sanin labarin, sai jiya ya shiga jikina.

Don haka na ajiye gyaran ƙofofi, na koma kan makulli. Sakata biyu zan sa, kowace da hanyarta, kuma ba za su saki ba sai tayoyi sun danne ƙasa.

Mai gwadawa ya sa tabarau, ya share yashi, domin iskar da ta dawo gaba tana tayar da shi fanka ta zuƙe. Wanda ke da ƙaramin sifirin mai ƙarfi ya yi mini magana kafin Asabar.