Ranar da Birkin Passat Ya Mayar da Ni Ɗan Koyo

Ina ɗan shekara 14 aka kai ni gareji, lokacin Fijo 504 da 505 ne suka cika titunan Kano. Maigidana, Allah ya jiƙansa, aikin ƙafa yake yi: birki, boris, shokzoba, duk abin da ke ƙarƙashin mota. A wurinsa canjin takalmin birki shi ne aikin farko da ake sakar wa yaro. A ɗaga mota, a cire taya, a kwance noti biyu, a zare kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman a jikin farantin birki, a danna fistin ɗin da ke cikinta ya koma, a sa sabon takalmi. Da Golf ta yawaita muka gano fistin ɗinta na baya ba ya dannuwa, murɗa shi ake yi yana shiga kamar sukuru. Daga nan na ɗauka na gama da birki. Ko na dannawa ne, ko na murɗawa, babu na uku. A kan haka na yi sama da shekara 20, har na buɗe wurina, ina da yara a ƙarƙashina.

Wata Asabar da hantsi wata Hajiya da ta daɗe tana kawo min aiki ta aiko direbanta da Passat ƙirar 2008, birkin baya yana ƙara. Na leƙa ciki ban ga sandar birkin hannu ba, sai ɗan maballi mai harafin P a gefen sitiyari. Na gan shi sarai, amma ban tsaya na tambayi kaina me ya maye gurbin sandar da wayarta ba. Na zare kalifa, na ga wani baƙin akwati na roba manne a bayanta, waya ta shiga cikinsa. Na sa ƙarfen matsa fistin na ɗaure, fistin ko gezau. Na ƙara ƙarfi, shiru. Sai na zura bututu a hannun matsin don ya yi tsawo, na danna da nauyin jikina. Abin da na ji shi ne ƙas! Ɗaya bakin matsin ashe a kan akwatin robar ya zauna. Ya tsage daga sama har ƙasa, giris ya fito, ga ƙananan haƙoran giya a buɗe. Yarana uku suna tsaye, babu wanda ya ce uffan.

Na kira Hajiya da kaina, ban bar wa direba ba. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni na fasa, kuma ni zan biya." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Malam, da ka ce min ba ka san ta ba, ai da ban ga laifinka ba." Kuɗin kalifar da na kwana uku ina nema a Ƙofar Ruwa bai dame ni kamar wannan magana ba, domin gaskiya ta faɗa. Rashin sanin ba shi ne ya fasa akwatin ba. Ƙin yarda da cewa ban sani ba, a gaban yarana, shi ya sa na ɗauki bututun.

Wanda ya warware min lamarin wani matashi ne mai aikin wayarin da kwamfuta a layinmu, ɗan da na haifa ma ya kusa sa'ansa. Ya zo ya duba, ya ce, "Baba, ai wannan ba a yi mata dole, sai an ce mata ta saki." Ya ɗauki fasasshiyar kalifar ya buɗe min a kan benci. Cikin akwatin akwai ƙaramin injin lantarki da giyoyin da ke rage gudunsa su ƙara masa ƙarfi. Su ne ke juya wani dogon sukuru da ya shiga cikin fistin, a kan sukurun kuma akwai noti. In ka taɓa maballin, notin ya tafi gaba ya tokare fistin, takalmi ya kama faranti. Yayin da takalmi ke cinyewa, notin yana ƙara matsowa gaba, ba ya komawa can baya da kansa. To ni da nake danna fistin, da ƙarfe a kan zaren sukuru nake kokawa. Ko giwa ce ta hau ba zai koma ba, sai dai wani abu ya karye.

Da muka ɗaura sabuwar kalifa, ya jona na'urarsa ta binciken mota a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari, ya zaɓi wurin buɗe birkin baya don gyara. Muka ji injin yana zuuu na 'yan daƙiƙoƙi, ya tsaya. Na leƙa na ga fistin yana nan inda yake, na ce bai yi ba. Ya ce ya yi, notin ne ya ja baya a ciki, fistin kuwa sai an tura shi. Na sa matsi a hankali, wannan karon na kauce wa akwatin, sai ga shi yana shiga sumul, ba gardama. Muka sa takalma, muka ɗaure, na taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri, sannan ya ba ta umarnin rufewa. Injin ya sake kuka, ya nemo sabon wurin tsayawarsa, fitilar gargaɗi ta mutu.

Abin ba sabo ba ne, mu ne ya iske a makare. Tun 2001 BMW ta sa birkin hannu na lantarki a babbar motarta 7 Series, Passat kuma ta zo da shi daga 2005. Yanzu da Civic ta 2016 da Accord ta 2018 suke shigowa tokumbo, kusan kowane mako sai na gamu da shi. Kuma ba duka ne iri ɗaya ba, nan ma na kusa sake yin kuskure. Wasu motocin injin ɗaya ne ke jan waya, wayar ta buɗe ƙananan takalma a cikin kwanon farantin, kalifar kuwa irin ta da ce, danna ta kawai za ka yi. Don haka abin da nake fara yi shi ne leƙa bayan kalifa, in ga ko akwai akwati da waya. Wasu kuma ba sa buƙatar na'ura: Marsandi da yawa daga maballan sitiyari ake shiga wurin canjin takalmi, wasu Ford kuma da totur da maballin birkin ake haɗawa a bi wani tsari.

Batir ya taɓa ba ni wahala. Wata mota ta kwana biyu a ajiye, muka fara buɗe birki, injin ya yi rabin tafiya ya tsaya, fitilun gargaɗi suka cika gaban direba. Wuta ce ta gaza. Tun ranar, in batir bai kai bolt 12 da ɗoriya ba, sai na jona caja kafin in taɓa komai. Makulli kuma a aljihuna yake zama muddin kalifa tana waje. Yaro ɗaya ya shiga mota jin rediyo ya taɓa maballin nan, injin zai turo fistin waje gaba ɗaya, man birki ya tsiyaye, aikin rabin awa ya koma na wuni.

Akwai dabarar da ta yaɗu a garejoji, ta cire soket a ba injin wuta kai tsaye daga batir, in ya tafi gaba a juya wayoyin ya koma baya. Tana yi, na ga an yi, amma ba na barin a yi a wurina. Kwamfutar motar ce ke lura da yawan wutar da injin ke ja, ta yanke ta in ya kai ƙarshe. Hannun mutum ba ya jin wannan, yana iya barin sukurun ya daki bango har giya ta ci. In babu na'ura ko kaɗan, gara a kwance injin daga jikin kalifa, a juya sukurun da hannu a hankali har ya tsaya, a kula da zoben robar da ke hana ruwa shiga. Wannan zobe ba abin rainawa ba ne a garin da ake ratsa ruwa har gwiwa a watan Agusta. Haka fil biyun da kalifa ke zamewa a kansu, ƙurar hunturu na busar da giris ɗinsu, takalmi ɗaya ya cinye ɗaya yana nan sabo. Wannan kam aikin maigidana ne, lantarki bai canza shi ba.

Na yi adashi na sayi ƙaramar na'ura tawa. Turancin da take rubutawa ba duka nake ganewa ba, ƙaramin yarona da ya gama sakandare shi ke karanta min, ni kuma in nuna masa yadda ake gane farantin da ya yi gefe da ɗan yatsa. Da farko abin ya yi min nauyi, yanzu kuwa tare muke durƙusawa gaban taya.

A watan jiya wani Alhaji ya kawo wata jif ƙirar China da ban taɓa buɗe irinta ba, na'urata ma ba ta san sunanta ba. Na leƙa na ga akwatin a bayan kalifa. Na ce, "Alhaji, ban san wannan ba tukuna, ka ba ni zuwa gobe in bincika." Ya ce sauri yake yi, Kaduna za shi da yamma. Na mayar masa da tayarsa, na ɗaure notinan da kaina, na sauke jak, ya ja motarsa zuwa garejin gaba.