Wasiƙa daga Jidda: a ƙirga kawuna kafin a ƙirga riyal

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya muka ji da tsadar rayuwa? Allah ya kawo mana sauƙi.

A watan nan kaɗai mutum huɗu suka kira ni daga Kano, kuma tambayarsu ɗaya ce: nawa ne albashi a Saudiyya? In na faɗa sai in ji shiru, na san mutum yana can yana buga riyal da naira a waya. Ni ma lissafin da na yi ke nan a 2014, lokacin da na rufe shagona na gyaran AC na taho Jidda. Bayan shekara biyu, da taimakon takardar difilomata da haƙurin kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini, na ɗauko maiɗakina da yara biyu. Ta ukun a nan aka haife ta.

Ba zan ɓoye alheri ba. Wuta ba ta ɗaukewa, ka kwanta ba fargabar wanda zai haura katanga. Daren Alhamis mukan hau mota, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna sai ga mu a Harami. Ranar da uwar yaran ta fara ganin Ka'aba ta fashe da kuka, na ce a raina ko iya nan aka tsaya an ci riba.

Sai ga 2017. A watan Yuli hukuma ta sa haraji a kan duk wanda ke zaune a ƙarƙashin igamar baƙo, wato takardar izinin zamansa, mata ko ɗa: riyal 100 kowane kai, kowane wata. A 2018 ya koma 200, a 2019 ya zama 300, a 2020 ya kai 400. Kawuna huɗu gare ni, wato riyal 1,600 duk wata kafin a ɗora tukunya. Ba a sabunta igama sai an biya, in kuwa igama ta mutu to banki da aiki duk sun tsaya cak. A 2020 ɗin ne kuma harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Har jaririyar da aka yanke wa cibiya a Jidda ana biya mata, don haihuwa a nan ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Wannan da yawa a gida ba su sani ba.

Mun cije, mun rage cefane, uwargida ta koma soya ƙosai tana sayar wa maƙwabta Takari. Abin da ya karya mu rusau ne. Daga ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda, su Gulail da Karantina da Sabil, inda mutanenmu suka yi shekara da shekaru. Wata safiya na fito zan tafi aiki na tarar an fesa jan fenti a bangon gidanmu, kalma ɗaya tal, "ikhla", wato a tashi. Ɗana ne ya karanta mini ita, don ya fi ni Larabci nesa ba kusa ba. Kowa ya bazama neman haya lokaci guda, kuɗin gida ya yi tashin gwauron zabo.

Bayan Sallah ƙarama ta 2022 na raka su filin jirgi. Yanzu mu biyar ne a ɗaki ɗaya, ni da 'yan Sudan biyu da ɗan Damagaram da wani Bapakistane mai minshari kamar janareta. Kuɗi na aikawa, ba laifi, har an kai gini linta a Rijiyar Zaki. Amma ai ba don in riƙa ganin 'ya'yana ta fuskar waya na bar gida ba.

Jiya autar ta karɓe wayar daga hannun uwarta, wai ita ta gaji da koko, in zan zo in taho mata da tamis mai zafi daga gidan burodin bakin layinmu. Na ce to. Ban gaya mata layin ma yanzu fili ne fetal ba.

Ku gaishe da mutanen gida.

Naku,
wani mai gyaran AC a Jidda