Kwalbar bitamin ba ta tsare zuciya

Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga mai hawan jini ya jingine maganin da likita ya rubuta masa, ya koma haɗiyar ƙwayoyin da aka buga wa tambarin "antioksidan". Ba na ganin laifinsa sosai, domin zancen yana da tushe. Ka yanka tuffa ka bar ta a fili, kafin ka ankara ta soma duhu. Ka matse mata lemon tsami, sai ta daɗe fara tas. Iskar oksijin ce ke wancan aiki, lemon kuma ya tare ta. Abin da ke tare ta haka shi ake kira antioksidan, bitamin E da C na cikinsu. Masana sun yi hasashen cewa haka kolestarol na LDL, wani nau'in maiƙo da ke yawo a jini, ke lalacewa a jiki, ya riƙa taruwa a bangon jijiya har hanyar jini ta ƙuntata.

A 1993 masu bincike na jami'ar Harvard a Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar ma'aikatan jinya mata sama da 87,000. Waɗanda suka fi samun bitamin E, ciwon zuciya ya ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Nan take kasuwar ƙwayoyin ta buɗe.

Sai aka zo gwaji mai tsauri, inda ake raba mutane gida biyu da ƙuri'a, wasu su sha ƙwayar gaske, wasu ta bogi. A Finlan aka gwada maza mashaya taba 29,133, sakamako ya fito a 1994: masu shan beta-karotin, wani antioksidan da ake samu a karas, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. Gwajin HOPE na 2000 ya ba masu haɗarin ciwon zuciya bitamin E fiye da shekara huɗu, babu abin da ya canza. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Birtaniya a 2002. Mutum 20,536, shekara biyar, aka haɗa musu bitamin E da C da beta-karotin, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba. A cikin wannan gwajin dai, a kan waɗannan mutanen dai, simvastatin, maganin rage kolestarol, ya rage su da kusan kwata. Abin takaici, irin wannan maganin ne mutane ke tsoro har su ajiye shi.

To me ya faru da matan 1993? Mai kula da kansa har ya sayi bitamin, galibi shi ne mai motsa jiki, mai gudun taba, mai zuwa asibiti a kan lokaci. Yabon da ya kamata a yi wa halinsa sai aka yi wa kwalba.

Abinci kuwa har yau bai ba da kunya ba. Ganye da 'ya'yan itace da wake ba antioksidan kaɗai suke ɗauke da shi ba, akwai harza, akwai fotasiyam mai taimakawa wajen sauke hawan jini, kuma in sun cika faranti sai soye-soye da gishiri su rasa wuri. A Sifen, gwajin PREDIMED ya ɗora mutum 7,447 a kan tsarin abinci, waɗanda aka ƙara wa man zaitun ko 'ya'yan itace masu ɓawo mai tauri irin su almon suka samu raguwar manyan matsalolin zuciya da kusan kashi 30 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum, wato kashi biyar, kowanne kamar tuffa guda matsakaiciya. Mai shan taba kuma, don Allah ya nisanci ƙwayar beta-karotin.