Wasiƙa daga Darmstadt: Kawu, ba bam muke haɗawa ba

Jama'ar Kaduna, assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya. Tun zuwana Jamus tambaya ɗaya ake ta jefo mini, daga Kawuna na Tudun Wada har ɗaliban da na koyar a Kawo: an ce da yuraniyam kake aiki, ko bam kuke haɗawa? A'a, Kawu. Akwai labarin sanyi da abinci da takardun zama da na yi muku alkawari, amma bari in fara da wannan.

Ƙwayar zarra ta yuraniyam tana da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi guda 92, da ake kira ilektoron, da ke kewaye da cibiyarta. A nan GSI, cibiyar binciken da aka kafa a 1969, ana harba ƙwayar da gudun da ya wuce rabin na haske, ta ratsa wani siririn fallen ƙarfe, ta fito tsirara, ko ilektoron ɗaya babu. Daga nan a saka ta cikin wani zobe mai kewayen mita 108 ta yi ta zagaye. Da ta gifta ta cikin ɗan feshin iskar gas da muka tanada, sai ta fizgi ilektoron ɗaya, ta saki hasken X irin na hoton ƙashi a asibiti. Aikina shi ne auna wannan haske.

Abin da ya fi ba ni mamaki, tuɓe ƙwaya yana canza mata tsawon rai. Reniyam-187, wani nau'in ƙarfe, idan yana da ilektoron ɗinsa a jiki, yana ɗaukar kusan shekara biliyan 42 kafin rabinsa ya rikiɗe, amma da aka tuɓe shi a wannan zobe a 1996, sai lissafi ya dawo shekara 33 kacal. A shekarar ce kuma aka ga hasken X yana fitowa daga tauraro mai wutsiya Hyakutake, daga baya aka gane ƙwayoyin da rana ke hurowa ne ke fizgar ilektoron daga iskar da ke kewaye da shi.

Duk aikinmu ya dogara ne da bututun ƙarfe na zoben, wanda aka zuƙe wa iska ƙarƙaf. Iska kaɗan ta shiga, ƙwayoyinmu za su ɗauki ilektoron a inda ba a so, su kauce hanya su ɓace. Saboda haka ake gasa bututun kwana da kwanaki, kuma walda ko ɗaya ba a yarda ta yi yoyo. Da idona na ga farfesa ya tsaya shiru yana sauraron mai walda, yana rubuta abin da yake faɗa. A ranar, kasuwar Panteka ta Kaduna ta faɗo mini a rai, da yaran da ke ƙera injin niƙa da hannunsu, ga gwaninta, ba mai koya musu awo na ƙa'ida ko rubuta abin da suka yi jiya. Ƙanena da ke Kaduna Polytechnic yana jin kunyar cewa aikin ƙarfe yake karanta. Auta, riƙe shi da kyau, ka haɗa da lissafi.

Sanyi kuwa, a Disamba kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe, kunne har zafi yake. Zancen takardu sai wasiƙa ta gaba. Duk mai tahowa ya riƙo mini kuka da daddawa.

Naku,
ɗanku a Darmstadt