Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Shekarun da Baffa ya hana ni ƙarfe

Makon jiya na tsaya a inda aka cire ni daga lakkol aka miƙa ni maƙerar Baffa a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Tun daga ranar wasu cikin dangi suke ta aiko mini kada in taɓo maganar likkafa. Zan taɓo ta, domin ni aka yi wa, kuma waɗanda suka san gaskiyarta sun kusa ƙarewa.

Mu maƙeran fari ne, ba ruwanmu da fartanya ko gatari. Azurfa da tagulla muke taɓawa: munduwa, zobe, bakin kube, kayan doki. Amma ƙira daban, zane daban. Akwai wanda zai narka azurfa ya zuba ta lafiya lau, in aka ce ya ɗora mata zane sai ya lalata ta. A gidan kaf Baffa ne kaɗai mai zane, har daga Mirriya da Matamaye ake kawo masa aiki.

Na zaci da zuwana zai damƙa mini ƙarfen zane. Sai ya share ƙasa da tafin hannu a ƙofar maƙera, ya ja layi guda da ɗan yatsa, ya naɗe shi ya naɗe har ya ƙare a ɗan dunƙule a tsakiya. Ya ce, "Kai yaro, wannan ita ce uwa. Ka yi ta yi." Na ce, "Baffa, a ƙasa?" Ya ce, "Ƙasa tana yafiya. Ƙarfe ba ya jin a yi haƙuri."

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce mene ne abin wuya a layi mai naɗewa. Wuyar ita ce dole tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye ta riƙa raguwa a hankali, ba tare da ido ya kama inda ta ragu ba. In hannu ya ɗan tsaya, wurin zai yi gwiwa. In ya yi sauri, wurin zai miƙe. Baffa kan rufe ido ɗaya ya bi layin da farcen babban yatsa, inda farcen ya tsaya nan aibin yake, ba ya ƙara ko kalma, sai ya shafe da ƙafa. Daga ƙasa na koma allo da gawayi, daga allo na koma takardar buhun siminti da guntun fensir. A allon ne ya koya mini in juya shi ƙasa ta koma sama in sake dubawa, domin ido yakan saba da karkatarsa ta gefe ɗaya, sai an juya masa abin yake ganinta.

Sai da uwa ta zauna sannan ya bar ni na fara fitar mata da ganye. Nan ya tura ni bayan gida in je in kalli yaɗon duman da ya hau danga. Kowane reshe yana fita ne ta inda uwarsa ta dosa, yana rabuwa da ita sannu-sannu, babu wanda ke juyowa ya tokare ta. Haka ganyen zane yake. Duk layin da ka ja, dole a iya bin sa da ido har zuwa inda ya tsiro. Kuma filin da aka bari tsakanin ganye da ganye, wanda daga baya ake cike shi da ɗige-ɗige don ya yi duhu, shi ma sai an auna shi. In ya yi yawa a gefe guda, munduwar za ta yi kamar ba a gama ta ba.

Yanzu yara na zuwa mini da hoto a waya, a bugo musu shi a takarda, su manna a kan tagulla su bi da ƙarfe. Ba na hana su, cin abinci ne. Amma ranar da aka kawo musu abin da ba shi da faɗi ɗaya, kamar bakin kube mai tsukewa, sai su tsaya suna kallona, domin hoton ba ya shiga, su kuma ba su san yadda ake haifar da zane a cikin filin da aka samu ba. Nakan faɗa musu maganar Baffa, su yi murmushi. Ni ban yi murmushi ba lokacin da aka faɗa mini.

Karatuna na gaske a shekarar 1984 na yi shi. Fari ya ci gonaki, Najeriya ta rufe iyaka, tagullar da ake sayowa daga Kano ta yanke. Babu mai kawo sabon aiki. Mata ne ke shigowa da magariba, mundayen aurensu ƙunshe a bakin zane, a auna a ba su kuɗin hatsi. Da yawansu aikin kakanmu ne, wasu na Baffa da kansa. Kafin ya jefa kowace a wuta sai ya miƙo mini. In kanga ta a kan hayaƙin fitila har ta yi baƙi, in danna 'yar takarda mai laima a kai, zanen ya fito fari a cikin baƙi. Da dare in zauna in kwaikwaya, in ninka girmansa don in ga yadda aka bi da kowane ganye. A nan na gane kakanmu yana siranta layin inuwa, wato wanda ake ja a cikin ganye don ya ba shi duhu, har ya ɓace kafin ya kai bakin ganye, abin da Baffa ma ba kullum yake yi ba. Ban taɓa ganin hawayen Baffa ba, amma ranar da ya narka munduwar da ya yi wa Gwaggo da hannunsa bai ci tuwo ba.

Duk wannan lokaci zuga-zugi nake ja. Yaya kuwa, ɗan Baffa na cikinsa, tuni yana yanka tagulla, alhali bai yi rabin zaman da na yi a ƙasa ba. Shi ba a ce masa ƙarfe ba ya jin a yi haƙuri ba, ko kuwa an faɗa a cikin ɗaki inda ban ji ba.

To, ga maganar likkafa. Bayan gari ya warware, wani babban bafade ya kawo likkafun tagulla yana so a zana masa kafin hawan Babbar Sallah. Idon Baffa ya riga ya fara hazo. Ya kira ni ya ce, "Zana." Likkafa biyu ce, kuma dole ta hagu ta fuskanci ta dama. Na zana ɗaya a takarda, na bi layin da allura na huhhuda, na kifa takardar a kan ɗayar na yayyafa garin gawayi. Na shafa wa tagullar farar ƙasa, na ja zanen da tsinin allura, uwa uku a kowane gefe, ƙanana na fita daga manya. Baffa ya bi da farce daga farko har ƙarshe, farcen bai tsaya ba. Sai ya ɗauka ya miƙa wa Yaya ya yanka.

Ranar da mai su ya zo karɓa ina tsugune a bakin wuta. Ya juya su, ya yaba, ya tambaya wa ya yi. Baffa ya ce, "Aikin yaron nan ne," ya dafa kafaɗar Yaya. Aka ba Yaya riga da jika biyu. Da na kai wa Inna kuka ta ce, "Ɗan nan, yi shiru, a gidansa kake ci." Na yi shiru. Amma ranar hawa na kutsa cikin jama'a a ƙofar fada har na kai kusa da dokin, kuma a likkafar hagu, a uwa ta biyu, ga gwiwa nan inda hannun Yaya ya tsaya. Ba ta cikin zanena. Takardar tana nan a akwatina, duk wanda ya musa cikin 'ya'yan Yaya ya zo in nuna masa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya ba ni abin da nake ci da shi har yau, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba. Sai dai ƙarfen zanen farko da na riƙe ba daga hannunsa ya fito ba. Kawu ne ya ƙera mini shi daga tsohon magagari, a ɓoye, a rumfarsa ta Kasuwar Dole. Yadda aka yi Baffa ya gano, da abin da ya biyo baya tsakaninsa da Kawu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.