Laraba, ranar zumunta

Yau ni aka ba jagorancin nazari a zumuntar mata, a Karin Magana 31:10-31, ayoyin da ke yabon mace tagari. Da sassafe, koko na kan wuta, na kira ƙanena da ke makarantar tauhidi ya duba mini Ibranancin. Ya ce, "Yaya, ai kalmar mayaƙa aka kira matar nan da ita." Eshet hayil. Eshet mace ce, hayil kuwa ƙarfi, amma ba na damtse kaɗai ba.

Ya yi ta jefo ayoyi ina buɗewa. Rundunar Fir'auna a Fitowa 14, hayil ce. Da mala'ika ya tarar da Gidiyon yana sussukar alkama a ɓoye don tsoron Madayanawa, gibbor hayil ya kira shi, wato jarumi mai ƙarfi. A Maimaitawar Shari'a 8:18 kuma dukiya take nufi. Na Rut ne ya fi tsaya mini a rai. A 2:1 Bo'aza, mai gona da masu girbi, shi ne gibbor hayil. A 3:11 shi da bakinsa ya ce duk gari ya san Rut eshet hayil ce. Gwauruwa fa, baƙuwa daga Mowab, da kalar sha'ir take ciyar da surukarta!

Da la'asar na kai wa mata wannan. Shekara da shekaru ana karanta mana surar nan ta Karin Magana a wajen ɗaurin aure kamar haƙuri da sunkuyar da kai ne kawai a ciki, alhali a aya 16 matar gona ta duba ta saya, a 24 tana sayar wa fatake kaya, a 26 ta buɗe baki ta yi magana. Ribar da mijinta ba ya rasawa a aya 11 ma, shalal ce, wato ganimar yaƙi.

Wata dattijuwa mai sayar da hatsi ta gyara ɗankwali ta ce, "'Yata, ashe kasuwar tawa ma tana cikin Littafi?" Wata kuma ba ta ji daɗi ba, wai ƙara wa mata kaya nake yi a kan wanda suke ɗauke da shi. Tana da gaskiyarta, har muka tashi ba mu daidaita ba.

Na faɗa musu a gidajen Yahudawa da yawa, ran Juma'a da dare kafin cin abincin Asabar, miji kan rera wa matarsa ayoyin nan 22. Matar fasto ta ce in zo in maimaita wannan ran Lahadi, maza na zaune.